Auna Nauyin Gungun Galaksoshi: Lanƙwasar Haske, Hasken Eksire, Ko Gudun Galaksoshi?

Gungun galaksoshi shi ne abu mafi girma da ƙarfin jan nauyi ya gama tattarawa ya ɗaure wuri guda a sararin samaniya. Babban gungu yana ɗauke da ɗaruruwan galaksoshi, wato manyan tarin taurari, wani ma dubbai, kuma nauyinsa yana kamawa daga ninki tiriliyan 100 zuwa tiriliyan 1,000 na nauyin rana, ƙalilan sukan zarce haka. Taurarin da ke haskawa a hoto kaso ne ɗan ƙanƙane na wannan nauyi. Gas mai tsananin zafi da ya cika tsakanin galaksoshin ya ɗauki kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Ragowar kuwa, sama da kashi 80, ɓoyayyen abu ne wanda ba ya fitar da haske, ba ya kuma tare shi. Saboda haka mai son sanin nauyin gungu ba shi da mafita sai ya bi sawun da nauyin ya bari a kan abin da ake iya gani: hasken da ya ratsa ta gefen gungun, ko gas ɗin da ke cikinsa, ko galaksoshin da ke kai-komo a ciki. Hanyoyi uku ke nan, kuma ba kasafai suke ba da amsa ɗaya ba.

Saɓanin yana da muhimmanci domin da ƙirgen gungu-gungu ake gwada yawan abin da ke cikin sararin samaniya da yadda ya dunƙule. Manyan gungu-gungu sun yi ƙaranci matuƙa idan aka kwatanta da matsakaita, kuma adadinsu yana faɗuwa da sauri yayin da nauyi ke ƙaruwa. Kuskuren kashi 10 a ma'aunin nauyi yakan koma kuskuren da ya ninka haka a adadin manyan gungu-gungun da lissafi ya ce a gani.

Tambayar da nake ganin ta kamata mai bincike ya fara amsawa, tun kafin ya nemi lokaci a wani madubin hangen nesa, ita ce: gungu ɗaya nake son in sani, ko kuwa matsakaicin nauyin gungu da yawa? Kusan dukkan zaɓin a kan wannan ya rataya. Ka ƙaddara kana da sikeli biyu. Na farko allurarsa ba ta rawa, sai dai kowane kaya ka ɗora yana rage masa wani abu, kuma ba ka san ko nawa ba ne. Na biyu wani kayan ya ƙara masa, wani ya rage masa, amma bai karkata gefe ɗaya ba. Idan ka auna kaya hamsin ka fitar da matsakaici, za ka faɗa kusa da gaskiya. Eksire, wato awon hasken da gas ɗin gungu ke fitarwa, shi ne sikelin farko. Lanƙwasar haske mai rauni, wato awon yadda nauyin gungu ke ɗan karkatar da hasken da ya ratsa ta gefensa, ita ce ta biyu.

Abu ɗaya kafin a shiga: gungu ba shi da iyaka a zane. Masana sun yarda su yanka da'ira a inda matsakaicin cunkoson abin da ke ciki ya ninka wani sanannen cunkoso na sararin samaniya sau 500 ko sau 200, su kira nauyin M500 ko M200. Masu eksire sun fi amfani da na farko, masu lanƙwasa da masu gudun galaksoshi sukan yi amfani da na biyu. A gungu ɗaya M500 yakan kai kusan kashi 70 cikin 100 na M200. Wanda ya jera lambobi biyu bai duba wannan ba zai ga saɓanin da babu shi.

Lanƙwasar haske mai rauni

Tun 1915 ka'idar Einstein ta nuna cewa nauyi yana lanƙwasa hanyar haske, aka kuma tabbatar da haka a husufin rana na 1919. A tsakiyar babban gungu lanƙwasar tana da ƙarfin da takan ja hoton galaksin da ke baya ya zama dogon baka, ko ta maimaita shi sau da dama. An gane irin waɗannan baka a gungun Abell 370 a wajajen 1987. Can nesa da tsakiya kuwa abin ya yi sanyi. Kowane galaksi na baya yana ɗan miƙewa ne kaɗan, kashi 1 zuwa 10 cikin 100, kuma miƙewar tana bin zagayen gungun. Anthony Tyson da abokan aikinsa ne suka fara gano wannan jeri a 1990, a bayan Abell 1689 da wani gungu guda. A 1993 Nick Kaiser da Gordon Squires suka nuna yadda za a juya miƙewar ta zama taswirar nauyi.

Falalar wannan hanya ɗaya ce, amma babba ce: haske bai damu da halin da gungun yake ciki ba. Ko ya natsu, ko yana tsakiyar karo da wani, ko nauyin na gas ne ko na ɓoyayyen abu, lanƙwasar ɗaya ce. Sauran hanyoyin biyu duk sai sun ɗauka cewa gungun ya natsu kafin lissafinsu ya tsaya. Ita ba ta buƙatar wannan zato.

Wahalarta ta fara ne daga cewa galaksoshi ba zagayayyu ba ne tun asali. Kowanne yana da tasa siffar mai ɗan tsawo, kuma wannan bambanci na asali ya kai kusan 0.3 a ma'aunin da miƙewar lanƙwasa ba ta wuce 0.02 ko 0.03 ba a mafi yawan filin. Galaksi ɗaya ba ya gaya maka komai. Sai an tara dubbai, siffofinsu na asali su soke juna, sannan jerin ya bayyana. Ga lissafi na kusa-kusa. Madubi a doron ƙasa da ya ba ka galaksoshi 10 masu aunuwa a kowane murabba'in minti na kusurwa, a cikin da'irar da ta kai faɗin wata a sama, zai tara maka wajen 7,000. Hayaniyar tana raguwa da saiwar adadin, wato 0.3 a raba da 84, ya ba da kusan 0.004. Ka ga siginar ta ninka hayaniya sau shida ko bakwai ne kawai, a babban gungu ma ke nan. A ƙaramin gungu tana iya nutsewa gaba ɗaya.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Wannan hayaniyar ana iya rage ta da hoto mai zurfi. Akwai wadda zurfin hoto ba ya taɓawa. Lanƙwasa tana auna duk nauyin da ke kan layin gani, daga madubi har zuwa galaksin baya, a matse a shafi ɗaya. Gungu-gungu kuma ba dunƙulallu ba ne, suna da tsawo ta wani gefe. Wanda ya miƙo tsawonsa wajenmu zai fito da nauyin da ya fi nasa, wanda ya gitta kuma zai fito da ƙasa da nasa. Ga kuma sauran tarin abu da ke gaba da baya, waɗanda ba su da alaƙa da gungun, amma suna ƙara nasu. Kwaikwayon kwamfuta, irin wanda Matthew Becker da Andrey Kravtsov suka wallafa a 2011, ya nuna cewa wannan kaɗai yana warwatsa nauyin gungu ɗaya da kusan kashi 20 cikin 100. Ko da madubi mafi kyau a duniya, ba za ka sauka ƙasa da haka sosai ba a gungu guda.

Sannan akwai kurakuran da ke karkata gefe ɗaya, waɗanda su ne ainihin aikin mai wannan hanya. Iska da madubin kansa suna shafe hoton kowane galaksi, su zagaye shi, wani lokaci su miƙa shi ta wata fuska da ƙarfin da ya zarce siginar da ake nema. Ana auna wannan shafewa daga taurarin da ke cikin hoton a cire ta. Tsarin da Kaiser da Squires da Tom Broadhurst suka fitar a 1995 ya daɗe yana aiki, amma yana buƙatar gyara da hotunan kwaikwayo. Sababbin dabaru, kamar wadda aka gabatar a 2017 da ke miƙa hoton gaske da gangan don a ga yadda ma'aunin ke amsawa, sun matse kuskuren zuwa wajen kashi 1.

Nisan galaksoshin baya shi ne na biyu, kuma a ganina shi ya fi cin mutane ba su sani ba. Ƙarfin lanƙwasa ya dogara da nisan gungun da kuma nisan abin da ke bayansa. Ba za ka iya ɗaukar bakan hasken dubban dusassun galaksoshi ba, wato ka warware hasken kowanne zuwa launukansa dalla-dalla, sai dai ka ƙiyasta nisansu daga launukansu a matatan launi huɗu ko biyar ko fiye. Idan ƙiyasin ya zarce gaskiya, nauyin zai fito ƙasa. Idan ya gaza, nauyin zai kumbura. Idan kuma galaksoshin gungun kansa suka shiga cikin jerin na baya, su da ba a lanƙwasa haskensu ba, sai su tsarma siginar, musamman kusa da tsakiya inda suka fi yawa. Wanda zai yi wannan aiki da hoton matata ɗaya ko biyu, don ya rage tsadar lokacin madubi, ya sani cewa a nan zai biya.

Ragowar matsalolin sanannu ne kuma suna da magani. Idan an zaɓi tsakiyar da ba ita ba, siginar ciki tana raguwa. Miƙewa kaɗai ba ta iya bambanta taswirar nauyi da wata da aka shimfiɗa mata ƙarin nauyi bai ɗaya, shi ya sa ake dacewa da wani tsari na yadda cunkoso ke raguwa daga tsakiya, galibi na Navarro da Frenk da White na 1996 da 1997, maimakon a karanta nauyin kai tsaye daga taswira.

Hasken eksire

Gas ɗin da ke cikin gungu yana da zafin digiri miliyan 10 zuwa miliyan 100, don haka da eksire yake haskawa. Tauraron ɗan'adam Uhuru, wanda aka harba a 1970, yana cikin na farko da suka nuna cewa hasken gungu-gungu a shimfiɗe yake, ba daga ɗigo ɗaya yake fitowa ba. Tun 1999 kuma Chandra na Amurka da XMM-Newton na Turai ne ƙashin bayan aikin.

Tunanin mai sauƙi ne. Idan gas ɗin ya natsu, to matsinsa da ke tura shi waje ya yi daidai da nauyin da ke jan sa ciki. Daga ƙarfin hasken ana samun cunkoson gas, daga bakan hasken ana samun zafinsa. Yadda su biyun ke sauka daga tsakiya zuwa gefe shi ke ba da nauyin da ke cikin kowace da'ira. Ƙarfin hasken yana tafiya ne da cunkoso ninki kansa, saboda haka gungun yana fitowa fes, abubuwan da ke gaba da baya ba su cika damun sa ba. Nan ne eksire ya yi wa lanƙwasa nisa: a gungun da ya natsu, warwatsuwar nauyinsa takan tsaya wajen kashi 10 zuwa 15, kuma kana samun cikakken bayanin yadda nauyin ya rarrabu, ba lamba ɗaya kawai ba.

Sai dai gas ba ya taɓa natsuwa gaba ɗaya. Gungu yana ci gaba da haɗiye ƙananan ƙungiyoyi, kowace haɗiya kuma tana barin guguwa da kwarara a cikin gas. Wannan motsi yana taimakawa wajen tallafe gas ɗin, amma ma'aunin zafi ba ya ganinsa. Lissafin sai ya ga tallafi ƙasa da wanda ke nan, ya ba da nauyi ƙasa da na gaske. Kwaikwayon kwamfuta yana sa wannan ragi tsakanin kashi 10 zuwa 30, kuma yana ƙaruwa idan an nufi gefe. A 2016 tauraron Hitomi na Japan, a cikin 'yan makonnin da ya yi aiki kafin ya lalace, ya auna motsin gas a tsakiyar gungun Perseus kai tsaye: kilomita 164 a daƙiƙa, wanda matsinsa bai wuce kashi 4 na matsin zafi ba. Labari ne mai daɗi ga masu eksire, amma tsakiyar gungu ɗaya ce. Gefe, inda ake yanka M500, shi ne abin tambaya, kuma can hasken ya dusashe. Magajinsa XRISM, da aka harba a Satumbar 2023, yana ci gaba da irin wannan awo.

Akwai wata matsala da ba ta da alaƙa da sama ko kaɗan. Chandra da XMM-Newton ba sa ba da zafi ɗaya a gungu ɗaya. Chandra yakan ba da sama, kuma tazarar tana faɗaɗa a gungu-gungu masu zafi sosai, har ta wuce kashi 10. Nauyi kuwa kafaɗa da kafaɗa yake tafiya da zafi. Duk wanda ya haɗa lambobin madubai biyun a jeri ɗaya ba tare da daidaita su ba ya shigo da karkata da hannunsa.

Inda biyun suka yi karo

A 2013 tauraron Planck ya fitar da sakamakon ƙirgen gungu 189, waɗanda aka ɗora ma'aunin nauyinsu a kan awon eksire na XMM-Newton, tare da ɗaukar cewa eksire yana ba da kashi 80 na nauyin gaske. Adadin gungu-gungun ya yi ƙasa da abin da Planck ɗin kansa ya yi hasashe daga tsohon hasken farkon sararin samaniya. Kafin a sasanta su, sai dai a ce eksire yana ba da kusan kashi 60 kacal, abin da kwaikwayon kwamfuta bai goyi baya ba. Ko dai akwai sabon abu a kimiyyar sararin samaniya, ko kuma sikelin ne ya karkace. Sai aka juya ga lanƙwasar haske don ta raba gardama.

Ƙungiyar Weighing the Giants, da ta auna gungu 51, ta samu kusan 0.69 a 2014, wato eksire yana ba da kashi 69 na nauyin da lanƙwasa ta auna. Ƙungiyar CCCP ta Henk Hoekstra ta samu kusan 0.76 a 2015. Ƙungiyar LoCuSS kuwa ta samu 0.95 a 2016. Ina son mai karatu ya tsaya a kan waɗannan lambobi uku, domin suna faɗar abu biyu a lokaci guda. Na farko, da aka rasa alƙali, lanƙwasa aka kira, ba wata hanya ba. Na biyu, ƙungiyoyi uku na ƙwararru, da hanya ɗaya, sun bambanta da fiye da yadda kowa ya so. Wani ɓangare na bambancin ya fito ne daga gungu-gungun da kowace ta zaɓa da nisansu, wani kuma daga yadda suka tace galaksoshin baya da ƙiyasta nisansu. Daga baya an gyara wani awo na tsohon hasken, saɓanin ya ragu. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, rashin karkatar lanƙwasa alkawari ne na ka'ida. A aikace sai an yi gumi kafin a cika shi.

Gudun galaksoshi

Ita ce hanya mafi tsufa. Da ita Fritz Zwicky ya duba gungun Coma a 1933, da gudun galaksoshin da ba su kai goma ba, ya ga suna gudu da bambancin da ya kai kilomita 1,000 a daƙiƙa, gudun da nauyin taurarin da ake gani ba zai iya riƙewa ba. Daga nan maganar ɓoyayyen abu ta samo tushe.

Rauninta a lissafi yake. Nauyi yana tafiya da warwatsuwar gudu a ninka da kanta, a sake ninkawa da kanta, saboda haka kuskuren kashi 10 a gudu kuskuren kashi 30 ne a nauyi. Da galaksoshi 50 kuskuren gudun yana wajen kashi 10 ɗin. Kafin ka sauko da shi zuwa kashi 5 sai ka samu 200. Ƙari a kan haka, gudun da ke kan layin gani kaɗai ake aunawa, ba a san siffar kewayen galaksoshin ba, kuma baƙin galaksoshi na gaba da baya sukan kutsa cikin jerin. Ba zan ba kowa shawarar ya ɗora ma'aunin nauyi na ƙirgen sararin samaniya a kanta ita kaɗai ba.

Duk da haka tana da abin da babu mai ba ka sai ita. Bakan haske ne ke nuna cewa abin da ka ɗauka gungu ɗaya ne ashe biyu ne, ɗaya a bayan ɗaya. Wannan shi ne ainihin makantar lanƙwasa. Kuma da tsarin da Antonaldo Diaferio da Margaret Geller suka kawo a 1997, wanda ke bin iyakar gudun tserewa, ana iya auna nauyi har can wajen gungu inda galaksoshi ke kan faɗowa, inda eksire ya daɗe da ɓacewa.

Akwai ta huɗu da ake yawan jerawa da su, wato tasirin Sunyaev da Zeldovich: gas mai zafi yana ƙara wa tsohon hasken sararin samaniya kuzari idan ya ratsa shi, ya bar tabo a taswira. Tabon ba ya dusashewa da nisa, shi ya sa madubin SPT na Kudancin Duniya da ACT na hamadar Atacama suka gano gungu-gungu masu nisa da yawa. Yana bin nauyi sau da ƙafa, amma shi kansa ba awon nauyi ba ne. Sai wata hanya ta gaya masa nawa ne nauyin da ya yi daidai da girman tabo kaza.

To wace za a ɗauka?

Idan gungu ɗaya ne kuma ya natsu, zagayayye a hoton eksire, tsakiyarsa mai haske tana kan babban galaksinsa, irin su Abell 2029, eksire zan ɗauka ba tare da jinkiri ba. Zan rubuta a fili cewa lambar tana iya gazawa da kashi 10 ko fiye, in kuma tsaya a iyakar da aka auna zafi da gaske, ba inda aka miƙa lissafi ba. Lanƙwasa a nan za ta ci lokaci mai yawa ta ba da amsar da ta fi rawa.

Idan gungun yana cikin karo, maganar ta juye. Misalin da kowa ya sani shi ne Gungun Harsashi, 1E 0657-56. A 2006 Douglas Clowe da abokansa suka ɗora taswirar lanƙwasa a kan hoton Chandra, aka ga gas ɗin ya tsaya a tsakiya saboda karon, nauyin kuwa ya wuce tare da galaksoshi zuwa gefe biyu. A irin wannan gungu lissafin natsuwar gas ba shi da ma'ana, haka ma na gudun galaksoshi. Lanƙwasa ce kaɗai ke tsaye, sai a haɗa ta da bakan haske don a san ta wace fuska karon yake.

Idan cibiyar gungun ce abin nema, ƙaƙƙarfar lanƙwasa, wadda ke jan hoto ya zama baka ko ta maimaita shi, ta fi duka, domin wuraren hotunan da aka maimaita suna ɗaure nauyin ciki zuwa kashi kaɗan. Amma a yi hattara da miƙa wannan lamba zuwa waje. A 1995 Jordi Miralda-Escudé da Arif Babul suka nuna cewa a tsakiyar Abell 1689 da Abell 2218 nauyin lanƙwasa ya ninka na eksire kusan sau biyu. Gungu-gungun da suka fi yin baka masu kyau su ne sau da yawa waɗanda suka miƙo tsawonsu wajenmu ko suke cikin haɗewa, don haka zaɓen kansa ya riga ya karkata. Shirin CLASH na madubin Hubble, mai gungu 25, ya kauce wa wannan ta hanyar zaɓar 20 daga cikinsu bisa hoton eksire, ya kuma haɗa lanƙwasar ciki da ta waje. Tsarin da ya dace a kwaikwaya ke nan.

Idan gungun na kusa ne ƙwarai, kamar Coma ko Virgo, lanƙwasa tana rauni, ga shi ya mamaye fili mai faɗi a sama. An auna Coma da ita, amma a nan ɗaruruwan bakan haske suna nan a ajiye, eksire kuma yana da haske sosai. Lanƙwasa ta fi jin daɗin aiki a gocewar ja ta 0.2 zuwa 0.5 (gocewar ja ma'aunin nisa ce: yadda haske ke gocewa zuwa ja gwargwadon nisan da ya fito).

Idan kuwa gungu ɗari ne ko dubu, kuma ma'aunin nauyinsu ake nema don ƙirge, babu zaɓi tsakanin hanyoyin, rabon aiki ne. Eksire ko tabon Sunyaev da Zeldovich su zaɓo gungu-gungun su jera su daga babba zuwa ƙarami, tunda ba sa rawa. Nauyin gas, ko nauyin gas a ninka da zafi kamar yadda Kravtsov da Alexey Vikhlinin da Daisuke Nagai suka ba da shawara a 2006, suna yin wannan aiki da kyau. Lanƙwasa kuma ta kafa ma'aunin. Warwatsuwar kashi 20 ko 30 a gungu ɗaya tana sauka zuwa kashi 3 ko 4 a gungu 50, daga nan abin da ya rage shi ne kuskuren siffa da na nisa. Haka ƙungiyar eROSITA ta yi a 2024: madubin eksire ya gano gungu-gungu sama da 12,000 a rabin sama, aka kafa ma'aunin nauyin waɗanda aka ƙirga da lanƙwasar manyan binciken hotunan sama uku, DES da KiDS da HSC.

Gargaɗi ɗaya a nan, ga mai niyyar zaɓo gungu-gungunsa ta ƙirgen jajayen galaksoshi a hoton gani. Hanya ce mai arha, tana kuma kaiwa ga ƙananan gungu-gungu masu yawa. Amma abin da ke kumbura ƙirgen, wato tarin galaksoshi a kan layin gani, shi ne kuma ke taɓa siginar lanƙwasa, don haka kurakuran biyu ba sa soke juna idan an tara. A 2020 sakamakon shekarar farko na DES ya ba da kason abu mai nauyi a cikin jimillar abin da ke sararin samaniya kusan 0.18, alhali sauran awo suna wajen 0.3. Masu binciken da kansu suka nuna yatsa ga ƙananan gungu-gungun jerin da yadda aka fassara siginar lanƙwasarsu. Na yaba da yadda suka wallafa shi a haka ba su ɓoye ba. Tara gungu dubu yana kashe hayaniya, ba ya kashe karkatar da ta shigo tun wajen zaɓe.

Ga ɗalibin da ba shi da damar neman lokaci a babban madubi, ƙofar a buɗe take fiye da yadda ake zato. Ma'ajiyar Chandra da ta XMM-Newton ta kowa ce, haka kuma DES da KiDS da HSC sun saki jerin siffofin galaksoshi da ƙiyasin nisansu. Shawarata gare shi ita ce kada ya fara da auna siffa daga ɗanyen hoto. Aiki ne na ƙungiya da shekaru. Ya ɗauki jerin da aka riga aka tace, ya sa ƙarfinsa a tace galaksoshin baya da zaɓen tsakiya. Euclid, da aka harba a Yulin 2023 don ya leƙa kusan sulusin sama da galaksoshi wajen 30 a kowane murabba'in minti, da madubin Rubin na ƙasar Chile da ya nuna hotunansa na farko a Yunin 2025, za su mayar da hayaniyar siffa ƙaramar magana. Ƙwarewar da za a nema a lokacin ita ce ta ƙiyasin nisa da ta raba hotunan galaksoshin da suka hau juna.

Saura gungu-gungu masu nisa, daga gocewar ja ta 1 zuwa sama. Eksire yana dusashewa da sauri a can, auna zafi a da'ira-da'ira yana cin lokaci mai yawa. Galaksoshin da ke bayan gungun sun yi ƙanƙanta da dusashewa ga madubin ƙasa, sai Hubble ko James Webb, su kuma filin ganinsu ƙarami ne, dole a jera hotuna da yawa kafin a rufe gungu ɗaya. Idan gungu ɗaya ko 'yan kaɗan ne, wannan tsadar ba makawa. Idan suna da yawa, a duba lanƙwasar tsohon hasken sararin samaniya kansa. Yana fitowa daga gocewar ja ta kusan 1,100, don haka yana bayan kowane gungu, nisansa sananne ne, babu batun siffar galaksi ko launinsa. An fara gano wannan sigina a bayan gungu-gungu a 2015. A gungu ɗaya ba ta da ƙarfin da za a dogara da ita, sai an tara ɗaruruwa, kuma dole a tsame tabon gas ɗin gungun daga taswirar kafin a auna, in ba haka ba shi ma zai shiga lissafin a matsayin nauyi.